Dutsen da Na Kai Lagdo

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin bakin kogi sai a zagaye ni. "Usmanu, wai da gaske mutane ke faɗowa daga sama?" "Usmanu, wai kai ma ka yi tsallen?" Ni? Ni da ko katangar gidanmu na hau sai jiri ya kwashe ni? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji wani yana rantsuwa wai ni na tuƙa jirgin saman. To ga shi nan gaba ɗayansa, a bar ni na huta.

Ni masunci ne, a Jimeta aka haife ni, a Binuwai na yi wayo. Wanda ya koya mini ruwa shi ne Baba Yohana, mutumin Numan, gidansa jikin namu. Ina ɗan shekara goma sha biyar na fara riƙe masa filafili. Wata damina, shekara ashirin da wani abu ke nan, ya fita duba mamarinsa, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, bai dawo ba, sai jirginsa aka tsinta. Daga ranar matarsa, Mama Saratu, ta yi wa kogi baya. Ɗansu guda, Ishaya, ta hana shi ko wanke ƙafa a Binuwai. Yaro ya tashi a bakin ruwa bai iya iyo ba. Da ya girma sai ya shiga soja, ya zama cikin masu dirowa da laima, bayan ya bar aiki kuma ya ci gaba da dirowar tare da wata ƙungiya ta masu sha'awar abin. Uwa ta hana shi ruwa, ya tafi ya hau sama. Ni dai ban ga ribar da Mama ta ci ba.

Wata ranar Talata ya same ni ina ɗinkin koma, ya tsuguna ya kira ni yaya da Fillanci, ya ce, "Hamma, akwai aiki a Lagdo, kuma na riga na ce kai za ka yi."

Ya yi mini bayani. Za su yi wasa a kan babban tafkin nan na bayan Garwa. Mutum zai diro daga jirgin sama, ya buɗe laima, in ya kusa ƙasa sai ya kwanto da gudu ya shafi fuskar ruwa da ƙafa ɗaya, ya bi tsakanin layi biyu na tutoci masu yawo a kan ruwa, ya fita ya sauka a yashin gaɓa. Tutocin su ne idonsa. Daga sama ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, inda tuta ta ce ya bi nan zai bi. Mai kafa musu tutocin ya kwanta rashin lafiya, shi ne Ishaya ya ce yana da yaya a Jimeta.

Na ce, "Wa zai fara saukowa?"

Ya ce, "Ni. Ni ke gwada hanya kafin kowa."

Ranar tafiya da safe Mama Saratu ta aiko a kira ni. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ƙafa a kan dutsen nan da kowa ya sani, wanda take zama a kai tana gyaran wake. Dutsen Baba Yohana ne na ɗaure kan mamari, baƙi, mai faɗi, da tsaga a tsakiya inda igiya ta ci shi. Sai ƙato ya yi nishi yake ɗaga shi.

Ta ce, "Ɗauki ka tafi da shi."

Na ce, "Mama, ai Kamaru ba su rasa dutse ba."

Ta ce, "Na ce ka ɗauka. Ba tsafi ba ne, ni mai bin Allah ce. Babanku ya ce dutsen nan bai taɓa ja da baya ba. Shi ba sai ka dawo da shi ba." Ta kalli Ishaya da ke can waje yana waya, ta rage murya. "Wancan nake so ka dawo mini da shi, da ƙafafunsa biyu."

Na ce to. Me zan ce?

A tasha aka fara rigima. Direba ya ɗaga buhun da na sa dutsen a ciki ya ji nauyi, ya leƙa, ya ce shi fasinja yake ɗauka ba kayan gini ba. Na ce masa dutsen ya girmi motarsa kuma ya fi ta lafiya. Da ƙyar Ishaya ya raba mu. Aka tura dutsen ƙarƙashin kujera, wata Hajiya mai kai atamfa Garwa ta ɗora ƙafafunta a kai, ta ce tunda take bin hanyar nan ba ta taɓa samun daɗin zama irin na ranar ba. Muka haye gada, muka wuce Girei. Bayan Jabbi Lamba kaɗan, inda kwalta ta fara zama tarihi, sai ji muka yi fuus, tayar baya ta tafi. Direba ya sa jak, jak ya nutse cikin yashi. Ya sake sawa, ya sake nutsewa. Ya tsaya yana share gumi yana waige-waige, babu ko tsakuwa a wurin. Ni kuwa na zauna a inuwa ina kallon sama kamar ban san abin da ake ciki ba. Can sai ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam Usmanu, don Allah..."

"Kayan ginin?"

Mota duka ta kwashe da dariya. A kan dutsen Baba aka ɗaga motar, kuma daga nan har iyaka direban bai daina kirana Alhaji ba.

Bayan Belel muka isa iyaka. Namu suka duba takardu suka sallame mu. Na wancan ɓangaren kuwa, wani matashin jandarma ya buɗe buhun, ya kalle ni, ya kalli dutse, ya juya ya nuna mini duwatsun da suka kewaye wurin, manya-manya har sama. Faransanci yake yi, ban ji ko kalma ba, amma na gane tambayar. Ya ƙwanƙwasa shi da maƙulli, ya kara kunne, wai ko an ɓoye wani abu a ciki. Na juya harshe zuwa Fillanci, abin mamaki sai ga shi yana ji sarai, ashe duk yankin da shi ake ciniki kamar Yola. Ina cikin bayani wani babbansu mai furfura ya fito, ya tsuguna ya sa yatsa a tsagar dutsen ya shafa. Ya ce ubansa ma masunci ne, ya san wannan tsagar. Ya sa aka mayar mana da shi mota, har ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Garwa gari ne mai kyau, amma mutanensa suna da abubuwa. Na farko babur. Mu da muka saba da keke mai rumfa, can sai ka hau bayan mutum ka riƙe ranka a hannu. Na biyu gaisuwa. In mutum ya shigo wuri sai ya bi kowa ya ba shi hannu, in ya fita ya dawo bayan minti biyar ya sake bi. Kafin la'asar hannuna ya gaji. Na uku burodi. Jama'a, burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa sai ka yi da gaske, kuma a hammata suke saƙale shi ba leda ba komai. Na ce wa Ishaya wannan in ba a ci ba ai a tuƙa jirgi da shi.

A masaukinmu matar gidan ta kawo gasasshen kifi da wani abu dogo naɗe a ganye, an ɗaure da zare. Na ga ba wanda ya yi mini bayani, ni kuma ba na son a ce baƙauye ne, sai na gartsa masa cizo da ganyen da zaren. Matar ta saki faranti tana dariya har da riƙe ciki. Ashe rogo ne aka jiƙa aka dafa, warwarewa ake yi. Da aka warware ɗin ma ban ga abin yabo ba, yana da tsami kuma yana danƙo. Kifin kam na sara musu, sun iya yaji. Sai dai na faɗa mata gaskiya, giwan ruwanmu na Jimeta ya fi nasu zaƙi, don namu yana motsa jiki.

Washegari muka bi ta Ngong muka isa Lagdo kafin azahar. Wallahi da na hango ruwan sai da na yi salati. Shekara talatin ina cikin ruwa ban taɓa ganin wanda ba a hango ƙetarensa ba. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, ruwan ba ya tafiya. Na jefa kara, ya tsaya nan yana kallona.

Aka haɗa ni da mutum biyu. Madam Odil ita ce shugabar wasan, gajeriya, da hula da oba-oba ta magana a kugu, tana tafiya kamar ana binta. Sai Bappa Yero, dattijon masunci na wurin, wanda za mu yi aiki da jirginsa, shi ne kuma tafintana. Madam ta nuna mini kaya: tutoci goma sha biyu, shida ja shida ruwan ɗorawa, kowace a kan wani soso mai taushi don ko mutum ya buge ta kada ya ji ciwo. Ga gwangwanayen fenti an cika su da siminti, ga igiya sabuwa naɗi-naɗi.

Muka shiga ruwa. Na ɗauki gorata ta tuƙi na caka don in ji ƙasa, sai ta wuce da ni har kafaɗa, saura kaɗan in bi ta. Bappa Yero bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya ce kafin a tare ruwan nan daji ne a wurin, itatuwa suna nan tsaye a ƙasa, sun bushe sun yi tsini. Inda za a bi da masu laima tsohuwar korama ce, ita kaɗai ce babu itace, zurfinta gaba goma sha biyu. Hannun hagu da ita kuwa tudu ne, kututtura ne birjik, wasu ko taƙi ɗaya ba su kai ba daga fuskar ruwa. Na tuna gudun da Ishaya ya ce suna kwantowa da shi, na tuna ƙafa ɗaya a cikin ruwa, tsigar jikina ta tashi.

Na fara aiki yadda Baba ya koya mini. Kowace tuta da gwangwaninta, da igiyarta. Kuma a Binuwai ba a ɗaure igiya cif da zurfi, sai ka ƙara mata sako mai yawa, don in ruwa ya ƙaru ko ya yi ƙarfi kada ya nutsar da abin da ke sama. Ruwan da kansa zai ja komai ya miƙe. Ina auna ta uku Bappa Yero ya ce, "Igiyar nan ba ta yi tsawo ba?"

Kun san halina. Na ce, "Bappa, daga wata ƙasa fa aka ɗauko ni."

Ya ce, "Haka ne. Naku ruwan yana tafiya." Ni kuma ban tsaya na ji abin da yake nufi ba.

Da la'asar iska na busowa daga hagu, tutocin nan suka miƙe layi biyu kamar an ja da zare, daidai kan korama. Madam ta zo ta auna, ta tafa, ta sumbaci yatsunta ta watsa sama. Aka yi ta ɗaukata hoto. Kaina ya kumbura har hulata ta matse ni. Dutsen Baba kuwa yana can ƙarƙashin gado a masaukinmu na Lagdo, na riga na yanke a raina zan mayar wa Mama abinta, ga siminti me za a yi da tsohon dutse.

Da gari ya waye Ishaya da abokansa suka koma Garwa inda jirgin zai tashi. Kafin hantsi gaɓa ta cika, masu tallan gyaɗa, masu ganga, 'yan makaranta, har da wani mai kujera ta musamman da ake yi wa fifita. Ni da Bappa muka shiga jirgi don mu tsaya gefe. Na duba tutocina, suna nan layi biyu tsaf, faɗinsu daidai, ba wadda ta kauce. Na gyara zama ina jin daɗi.

Sai na ga zalɓe.

Yana tsaye a tsakiyar hanya, tsakanin tuta ta uku da ta huɗu, ruwa iya ƙafarsa, yana gyara fiffike. Na kalle shi na kau da kai. Sai na sake kallo. Zalɓe ba ya iyo, tsayawa yake yi. A kan me yake tsaye a ruwa mai gaba goma sha biyu?

Na jiƙa yatsa na ɗaga. Iska ta juya, yau daga dama take. Ta kwashe tutocin duka goma sha biyun, kowace ta bi sakon igiyarta, suka koma hagu tare, a jere, ba tare da layin ya lalace ba. Hanya tana nan kyakkyawa, amma a kan kututtura take kwance. Muka matsa, zalɓen ya tashi, na sa hannu a ruwa. Ko gwiwar hannuna ba ta jiƙe ba na taɓa itace, mai tauri, mai tsini.

Zan faɗi gaskiya tunda na ce zan faɗa. Akwai ɗan lokaci, bai kai a sha ruwa ba, da Shaiɗan ya ce mini wataƙila iska ta sake juyawa, wataƙila ƙafarsa ba za ta bi ta daidai nan ba, ka tuna hotunan jiya, ka tuna daga wata ƙasa aka ɗauko ka. Sai na ga ƙafar Mama a kan dutse a cikin raina. Na miƙe tsaye a jirgi na cire rigata ina kaɗawa ina ihu kamar mahaukaci.

Madam ta zo bakin ruwa a guje. Na ce wa Bappa, "Faɗa mata kada jirgi ya tashi. Faɗa mata laifina ne, ka gaya mini jiya na ƙi ji." Ya faɗa mata, ban san ko ya faɗi na ƙarshen ba. Ta ƙi yarda, tana nuna layin, ai ga shi a miƙe. Na ɗauko ta a jirgi na kai ta, na kama hannunta na dulmiya. Da ta taɓa itacen sai fuskarta ta canza, ta fizgo oba-oba tana magana da sauri. Jirgin sama ya riga ya kunna inji, an tsayar da shi. Ta ce da rana iska za ta yi ƙarfi, in ba a gyara kafin azahar ba an fasa. Sannan ta miƙo mini oba-obar.

Muryar Ishaya ce. "Hamma, me ya faru?"

Na ce, "Na yi kuskure. Na ɗaura wa tafki ɗaurin kogi."

Ya ce, "Za ka iya gyarawa?"

"Zan gwada."

"To. In ka ce ya yi, zan sauko. In ba ka ce ba, ko wa ya ce ba zan sauko ba."

Na miƙa mata abarta, idona ya cika. Na juya wurin dattijon nan na ce, "Bappa, ka yafe mini. Ku a nan yaya kuke hana abu yawo?"

Ya ce, "Yaya kake hana ƙugiyoyin mamari yawo?"

Kai! Kamar an kunna fitila. Mamari ai ba kowace ƙugiya ke da dutsenta ba. Uwar igiya guda ce, a ɗaure ta tam kai da gindi, ƙugiyoyi su rataya a jikinta da gajeren zare. Abin da na shekara talatin ina yi da hannuna ke nan.

Muka kira masunta huɗu da jiragensu. Muka tsamo gwangwanayen duka. Muka ɗaure uwar igiya biyu a jikin manyan duwatsun gaɓa, muka ja su cikin ruwa, ɗaya ta bi gefen korama na dama, ɗaya na hagu. Muka sa musu jarkoki da ƙananan duwatsu don su tsaya gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwa, inda ƙafa ba za ta same su ba. Kowace tuta muka ba ta igiya gaba ɗaya tak, ba ta da inda za ta je. A can ƙarshe muka haɗa gwangwani shida muka saki wa ta dama, muka ja, ta yi tam har tana kaɗawa. Jama'ar gaɓa sun gane ana wani abu, masu ganga suka koma yi mana kiɗa.

Ta hagu ce ta ƙi. Ƙasan wurin gangare ne, gwangwani kuma zagayayye, da mun ja sai mu ji suna mirginowa. Muka sake, suka sake biyo mu. Sau uku. Kuma ita ce ta gefen kututtura, ita ce mai raba Ishaya da itace. Rana tana hawa, Madam tana duba agogo, hannuna ya fashe yana jini.

Ban san sanda na yi tsalle gaɓa ba. Na tare wani mai babur, ni da nake zagin babur shekaranjiya, na ce masauki, yi sauri. Na jawo buhun daga ƙarƙashin gado, na rungumo shi a cinya muka dawo, babur yana kuka. Na zura igiya a tsagar nan, ta zauna daram kamar jiya aka cire ta. Na ɗaura shi a gaban gwangwanayen, na ce bismillahi, na saki. Igiya ta yi ta gudu a hannuna har ta tsaya. Muka kama mu shida muka ja. Ta zo kaɗan, ta zo kaɗan, sai ta ƙi. Muka ƙara ƙarfi har jirgi ya karkata. Ko motsi. Ya kwanta da faɗinsa ya ciji laka.

Duk da haka ban yarda da idona ba, ya riga ya cuce ni sau ɗaya. Na ɗaura ƙarfe a igiya gaba biyu, na ja shi cikin hanyar daga farko har ƙarshe, sau uku, tsakiya da gefe da gefe. Bai taɓa komai ba. Na karɓi oba-oba na ce, "Ishaya, ya yi."

Jama'a, abin da na gani bayan nan! Jirgin ya zo can ƙololuwa, ƙarami kamar sauro. Sai wani ɗigo ya rabu da shi. Mata suka fara salati, wasu suna kiran Yesu. Ɗigon nan yana faɗowa, yana faɗowa, ni kuwa na daina numfashi. Can sai fat, laima ja ta buɗe, gaɓa duka ta ɗauki ihu. Ya yi ta shawagi yana saukowa a hankali, har na fara cewa ashe abin ba wuya. Sai kawai ya juya ya kifo kai ƙasa kamar shaho ya ga ɗan tsako. Iskar laimar tana wani irin kuka. Na ce shi ke nan, zai nutse. Dab da ruwa ya miƙe, ya shigo tsakanin tutocin farko, ya sauke ƙafar hagu. Shaaa! Ruwa ya tsage biyu, farin layi ya biyo shi. Tuta ta biyu, ta uku, ta huɗu, ga inda zalɓe ya tsaya can gefe, nesa da shi. Ta biyar, ta shida, ya fita, ya taka yashi da gudu, ya yi taku huɗu ya zauna daɓas da gindi.

Ni kuwa ina ta tsalle ina ihu "Ɗan Baba! Ɗan Baba!", na manta a jirgi nake. Sai ji na yi tsundum. Mutum goma sha ɗaya suka diro daga sama a ranar, ba wanda ya jiƙe sama da gwiwa. Wanda ya faɗa ruwa shi ne masuncin da aka ɗauko daga wata ƙasa. A nan ne Bappa Yero ya yi dariyar da yake riƙewa tun jiya.

Da aka tashi kwashe kaya washegari, Ishaya ya ce zai bi mu. Ya sa rigar iyo, ya shiga jirgi yana riƙe da gefe da hannu biyu, mutumin da ya faɗo daga gajimare. Ranar ya fara shiga jirgin ruwa a rayuwarsa. Muka tsamo komai sai igiyar hagu. Na miƙa masa ita na ce, "Ja ka ji." Ya ja, ya ji yadda ta riƙe. Ya daɗe bai saki ba. Ya yi addu'arsa, na yi tawa. Bappa Yero ya ce in mun yarda a bar masa, zai sa jarka a kai ya riƙa ɗaura mamarinsa. Ishaya ya ce ai aikinsa ke nan dama.

A hanyar dawowa ba abin da ya faru, sai jandarman nan mai furfura da ya tambaye ni ina dutse. Na ce ya samu aiki.

Mun iso Jimeta da la'asar. Mama Saratu tana ƙofar ɗaki a tsaye, ga ramin da dutsen ya bari a ƙasa, ba ta cike shi ba. Ba ta amsa gaisuwarmu ba. Ta kama Ishaya ta juya shi, ta tsuguna ta matsa gwiwarsa ta dama, ta matsa ta hagu, ta taɓa takalminsa. Ni kuma na ce ba zan ɓoye mata ba, na faɗa mata komai, har da zalɓe, har da abin da Shaiɗan ya ce mini. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Dutsen ya riƙe?"

Na ce, "Ya riƙe, Mama."

"Ƙafarsa ta taɓa ruwan?"

"Ta taɓa. Tun daga tutar farko har ta ƙarshe."

Ta ɗago ta dube ni. "Kuma ruwan ya sake shi?"

Na ce, "Ya sake shi."

Sai ta nemi zama inda ta saba, ta manta babu dutse, ta zauna a ƙasa cikin ramin. Muka yi kanta za mu ɗaga ta, ta ture hannunmu. Ta rufe fuska da gefen zani ta yi kukan da ban ji ta yi ba ko ranar da aka tsinci jirgin Baba. Da ta gama ta share ido, ta ce in gobe zan fita duba koma in biyo ta nan, tana so ta ga inda kogin ya kai bana.